Masu kalangun da ba a san sunansu ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mawaƙin da ba shi da mabiya a YouTube ya isa a kira shi gwani. Wallahi ya isa, in dai zai tsaya gaban jama'a ba na'ura. Ran nan a wani biki a Tudun Wada, nan Zariya, na ga makaɗa uku da 'yan amshinsu. Ɗaya ya matse kalangu a hammata, yana ja yana saki, har kiɗan ya kira sunan ango, tsofaffi suka miƙe suna liƙi. Shata ma, da ya rasu a 1999, da kalangun nan ya yi suna. Ni abin da nake saurare shi ne kalma ta zauna daram kan kiɗa, amshi bai kauce ba, murya kuma babu gyaran situdiyo.