Tambaya da Amsa: Na ƙara iyaka a Linux amma manhaja ta ƙi jin magana

TAMBAYA: Salam Malam, ni nake kula da wata kwamfuta mai Linux da mu kusan goma sha biyar muke shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, muna aiki a kai. Kwana biyun nan wani sabis ɗinmu, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, yana ta tsayawa yana rubuta "Too many open files", sannan wani abokin aikina in ya shiga ko ls ba ya iya bugawa sai ta ce masa "fork: Resource temporarily unavailable". Na duba RAM akwai, faifan ajiya akwai wuri. Na ƙara lamba a /etc/security/limits.conf, ulimit -n ma, umarnin da ke nuna iyakar fayilolin da zan iya buɗewa, ya nuna min 65536 amma abin bai daina ba. Ina na yi kuskure?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ka kawo min ba ɗaya ba, kuma babu wadda ta shafi RAM ko faifai, iyaka ce sistem ya gindaya.

Mu fara da sabis ɗin, don nan mutane suka fi shan wahala. Wannan 65536 da ka gani iyakar taminal ɗinka ce kai da ka shiga yanzu, ba ta sabis ɗin ba. A Linux kowane furoses, wato shirin da ke gudana, yana gadon iyakarsa ne daga wanda ya tayar da shi a lokacin da aka tayar da shi, shi kuma limits.conf sai mutum ya shiga ta hanyar PAM, tsarin da ke tantance mai shiga, kamar da SSH ko umarnin su, sannan ake karanta shi, to sabis da systemd, manhajar da ke tayar da sabis-sabis, ya tayar bai bi ta wannan ƙofar ba sam, ko miliyan ka rubuta a fayil ɗin ba zai gani ba. Nemo lambar furoses ɗin ka buga cat /proc/lambar/limits, ka sa lambar tasa a gurbin "lambar", ka duba layin fayiloli, ina kyautata zaton 1024 za ka tarar.

Wannan 1024 ɗin tsohon gado ne, akwai wani tsohon kira mai suna select da ba ya iya ɗaukar fiye da haka, shi ya sa aka bar ta a matsayin iyaka mai laushi. Sama da ita akwai mai tsauri, wadda tun systemd 240 da ya fito a ƙarshen 2018 aka ɗaga zuwa 524288. Mai laushi kowa na iya ɗaga tasa har ta taɓo mai tsauri, ita kuwa mai tsaurin sai root, wato babban asusun mai kula da kwamfutar, ke iya ɗaga ta. Kuma ka sani "fayil" a nan ba takarda kaɗai ba ce, duk soket, wato haɗin intanet, da manhajar ta buɗe ana ƙirga shi.

Gyaran: systemctl edit da sunan sabis ɗin, a ƙarƙashin sashen Service ka sa LimitNOFILE=65536, ka sake tayar da shi, ka koma /proc ka tabbatar.

Amma don Allah kafin ka ɗaga, ka ƙirga tukuna. Buga ls /proc/lambar/fd | wc -l yanzu, ka sake bayan minti goma, ka sake bayan awa ɗaya. In lambar tana hawa tana sauka to aiki ne ya yi yawa, ɗagawa ta isa. In kuwa hawa kawai take ba ta taɓa sauka, manhajar ce ke yoyo, tana buɗe abu ba ta rufewa, sau da yawa za ka ga tarin soket sun maƙale a CLOSE_WAIT, wato suna jiran manhajar ta rufe su, in ka duba da umarnin ss. A nan ɗaga iyaka jinkirta faɗuwar kawai zai yi, sai an gyara manhajar.

Shi kuma abokin aikinka iyakar nproc ya buga, wato yawan furoses da mutum ɗaya zai iya riƙewa a duk kwamfutar, kuma Linux har zaren aiki, wato ƙananan ayyukan da ke gudana a cikin furoses ɗaya, yake ƙirgawa, don haka manhajar Java guda ɗaya na iya cinye ɗaruruwa. Daga asusun root ka buga ps -L -u sunansa | wc -l ka ga nawa yake riƙe da su. Galibi tsofaffin ayyuka ne da ya manta a cikin tmux ko screen, manhajojin da ke barin aiki ya ci gaba ko bayan mutum ya fita. Ka yi masa magana kafin ka kashe komai, kar ka lalata masa aikin kwana uku. Ka leƙa /etc/security/limits.d ma, fayilolin cikinta suna danne abin da ke limits.conf, a CentOS 7 misali akwai 20-nproc.conf da ya sa 4096. In can lafiya ne to duba systemctl status na user-lambarsa.slice, ka sa lambar asusunsa a gurbin "lambarsa", akwai wata iyaka ta systemd mai suna TasksMax da ke iya tare shi.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka sa wa kowa unlimited don ka huta. Ku goma sha biyar ne fa, ranar da mutum ɗaya ya rubuta shirin da ke haifar kansa ba tsayawa, wannan iyakar ce za ta sa shi kaɗai ya maƙale, kai kuma ka samu shiga ka gyara. Ka ɗaga wa wanda ya buƙata da sunansa ko rukuninsa, kuma sai ya fita gaba ɗaya ya sake shiga, tsohuwar tmux ɗinsa ma sai ya rufe ta, in ba haka ba tsohuwar iyakar zai ci gaba da gani.