Amsa ga mai tambaya kan DLC na Witcher 3

Ɗan'uwa, ka ce ka gama Witcher 3 a PS4, kana tambaya ko DLC ɗinsa, wato ƙarin labarin da ake saya daban, Hearts of Stone da Blood and Wine, sun kai a kashe musu kuɗi. Sun kai, har da ƙari. Amma wallahi ina ganin tambayarka raina ya sake ɓaci, don a daidai nan aka cuce ni.

Faifaina na hannu ne, na yankin Turai. Wani mai shagon gem da nake ciniki da shi tun zamanin PS2 ya sayar mini da katin kuɗin PlayStation na Amurka, ya buɗe mini akawun ɗin Amurka da hannunsa, ya rantse duk ɗaya ne. Na kwana ina sauke Blood and Wine, aka ɗauke wuta, na tada janareta, data ta ƙare na sake sayen wata. Da gari ya waye na kunna, babu Toussaint, ƙasar da DLC ɗin ke kai ka, babu dalilinta. DLC ba ya hawa sai yankin akawun ya dace da na faifai, kuma mutumin nan ya sani sarai, sana'arsa ce. Da na koma, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, wai ai na riga na kankare katin. Mutumin da na kai wa abokaina ciniki! Kuɗin ma ba su dame ni kamar wannan rainin hankalin ba. Har yau ba na bi ta layinsa.

To, ka duba lambar CUSA da ke jikin kwalinka, wadda ke nuna yankin faifan, kafin ka biya ko kwabo. In kuma Game of the Year Edition za ka saya, duka biyun suna ciki, sai dai tsohon sebin ɗinka ba zai buɗu a kansa kai tsaye ba. Da sauƙi dai, akwai zaɓin fara DLC kai tsaye da Geralt, jarumin gem ɗin, mai ƙarfi.

In kuɗin ɗaya gare ka, ɗauki Blood and Wine na 2016. Sabuwar ƙasa ce sukutum, za ta ci maka awa 20 ko fiye, har gida ake ba ka, Corvo Bianco, ka gyara abinka. Amma ni zuciyata tana kan Hearts of Stone na 2015, duk da kamar awa 10 ne kawai. Gaunter O'Dimm, mugun cikinsa, ya fi Wild Hunt, abokan gāban asalin gem ɗin, ban tsoro nesa ba kusa ba, ga shi da siffar talaka mai fara'a. Ƙaton kwaɗon da za ka yaƙa a farkonsa kuwa zai wahalar da kai, kada ka tunkare shi ƙasa da lebul 30.

Kuma don Allah ka sa abin kunne in yara suna ɗaki, ka san halin gem ɗin. Kana buga Gwent, wasan katin cikin gem ɗin, kuwa? Blood and Wine ya zo da katunan Skellige, ni har yanzu ban ci gasar Beauclair, babban birnin Toussaint, da su ba.