Na zuba yuriya har da ƙari, me ya kwantar mini da shinkafa?

Tambaya: Malam, ina noman shinkafa a yankin Kura, na kuma ɗan taɓa karatun aikin gona. Bana na ƙara yuriya sau biyu, ganye ya yi kore shar, amma tana fitar da kai iska ɗaya ta shimfiɗe rabin gonar. Mai shagon magani ya ce in sayi wani ruwa mai "ƙarfafa kara". Bashi na ci na yi noman nan, ko barci ba na iya yi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Tunda ka san ƙwayar halitta, wato 'yan ƙananan ɗakunan da aka gina jikin tsiro da su, da bangonta, bari mu tafi kai tsaye.

Ƙwayar da ke cikin gaɓar kara ba ta yin tsawo da ƙarfi a lokaci guda. Tana cikin miƙewa, bangon farko kaɗai gare ta, siriri mai talewa, wanda zaren da ake kira selulos yake riƙe da shi. Sai miƙewar ta tsaya ne wasu sunadarai masu ba da umarni a cikin ƙwayar, 'yan gidan NAC, suke tayar da na gidan MYB, su kuma su kunna wasu sababbin injinan saƙar selulos, waɗanda a shinkafa ake kira CESA4, CESA7 da CESA9. Daga nan ake shimfiɗa bango na biyu ta ciki, yawanci hawa uku, liginin, sinadarin da ke sa itace tauri, ya bi ya daskarar da shi; wannan bangon ne ƙarfin kara. A jijiyoyin ruwa ma ƙwayar takan mutu in ta gama, ta bar bututu.

To, ga abin da nake fama da shi kusan kullum: wai kore shar shi ne ƙarfi. Wa ya faɗa? Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, shi kuwa naitirojin umarninsa ɗaya ne, a ci gaba da girma. In ya yi yawa daidai lokacin da gaɓoɓin ƙasa ke miƙewa, sukarin da ya kamata ya tafi ginin bango sai ya tafi ganye. Ganyen ya rufe gindi, haske ya daina isa, inuwa ta ƙara zuƙe gaɓar, liginin ya ragu. Je ka gonarka ka tsige wadda ta kwanta, ka matse gaɓa ta biyu daga ƙasa tsakanin yatsu biyu. Za ta lotse kamar tsinken shan lemo. Ta gonar da aka yi wa taki daidai sai ka sa ƙarfi, kuma za ka ji ta yi ƙas. Amma manomi ya ga gonar maƙwabci ta fi tasa duhu, sai ya ruga ya ƙaro buhu, a majalisa kuma a yi ta yaba masa. Ba a banza ba masana a ƙasar Filifin suka fitar da irin shinkafar IR8 a 1966, gajeruwa mai kaurin kara: dogayen irin da, in an ba su taki, kwanciya suke yi.

Ruwan mai shago kuwa, riƙe kuɗinka. Gaɓar da ta gama gininta ta gama, babu feshin da zai shiga ya ƙara mata bango. Wasu kwalaben ma sinadarin ƙara tsawo ne a ciki, ga takardar jikinsu ba lambar rajista. Abin na ba ni takaici.

Yanzu dai ka janye ruwa daga fangalin don kan da ya taɓa ƙasa kada ya tsira ko ya ruɓe, ka ɗaure waɗanda za su ɗauru dami-dami a tsaye, ka yanke da zarar ta nuna. Baɗi ka sa kamfa tun farko saboda fotash ɗin da ke cikinsa mai taimaka wa ƙarfin kara, ka raba yuriya kashi biyu, na ƙarshe lokacin da za ta ɗauki ciki, ka bar tazarar santimita 20 wajen dashe. Tokar ɓuntun shinkafa da ake zubarwa a bakin injin, kwashe ta ka kai gona, silika ce a cikinta, sinadarin da ke ƙara wa kara tauri.