Filin Ku Tambayi Anti: Tafiya Da Jinjiri A Motar Haya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nike nema. Haihuwata ta fari ce, na zo wanka gida nan Birnin Kebbi wajen innata, yau kwananmu arba'in da biyar kuma maigida na Kwantagora ya matsa in komo. Motar haya za mu shiga ga wannan zafin da ake, uwar mijina ta bugo waya ta ce in riƙa ɗura wa jinjirin ruwa a hanya kar ƙishi ya kama shi, inna kuma ta ce in lulluɓe shi ruf saboda iska da bakin mutane. Ni dai duk na ruɗe, mi zan yi? Daga mai jego, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana shi. Toh bari in fara da abin da ba ki tambaya ba, kin ce kwana 45, kenan lokacin allurar rigakafi ta sati 6 ya yi har ya ɗan gota. In ba ku je ba ki je a yi mai kafin ku kama hanya, sannan ki bari a kwana biyu saboda wasu yaran jikinsu na yin zafi bayan allurar, ba ki so zazzaɓi ya same ki a tsakanin Koko da Yawuri. Katin ki sa shi cikin jakar hannu ba cikin Ghana-must-go ɗin da za a ɗaure a but ba, da shi za ki ci gaba da ta sati 10 da ta sati 14 a can.

Maganar ruwa kuwa a'a. Yaron da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi ko da garin na tafasa ne, don nonon kansa mafi yawansa ruwa ne, abin da zai canja kawai shi ne zai riƙa nema akai-akai, ki ba shi duk sanda ya nema kar ki ce sai an tsaya. Ke ce za ki sha ruwan, ki sha sosai, ki taho da naki daga gida. Ruwan leda na tasha da ya wuni a rana ba ki san inda aka ɗura shi ba, in ya sa jinjiri gudawa a hanya kin ga an gudu ba a tsira ba. Surukarki kuma kar ki yi musu da ita, ki ce toh Hajiya, in ta sake tambaya ki ce malaman asibiti ne suka hana, ai ƙauna ce ta sa ta faɗa. Yadda za ki gane yana samun isasshe shi ne famfas, in yana jiƙawa kamar yadda ya saba lafiya lau. In kuwa fitsari ya ɗauke, ko maɗiga ta faɗa, ko ya yi laushi ya ƙi kama nono, wannan ba na jira a isa gida ba ne, asibitin da ya fi kusa za ku tsaya.

Lulluɓin nan shi ya fi damuna gaskiya, don ni ya taɓa cin ni. Da ɗiyata ta biyu na sa mata hula da safa da rigar sanyi na naɗe ta a shawul na kuma jefa hijabi a kai, wai kar iska ta shige ta, muna wuce Jega na ji shiru ya yi yawa na ɗaga hijabi na ganta jajir ta jiƙe sharkaf kamar an tsamo ta a gulbi, wata dattijuwa da ke gefena ita ta karɓe ta ta tuɓe mata kayan tana ta yi min faɗa har Maiyama. Na sha faɗan kuma na gode mata. Riga ɗaya mara nauyi ta auduga ta isa, sai zani sassauƙa da za ki kare shi daga rana in ta bugo ta taga, fuska a buɗe kullum. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa da ƙirjinsa, in da gumi ki rage kaya. Bakin mutane kuma ki tofa mai addu'a kafin ku fita, ita ba ta sa zufa.

Ki ce wa maigida ya biya kuɗin mutum biyu, kin san yadda suke cusa huɗu a baya. Baya za ki zauna ba gaba ba, in akwai bel ki ɗaura a jikinki ke kaɗai kar ki haɗa da shi, kuma kar ki shiga mota da goyo a baya. Ku yi sammako ku bi motar farko bayan asuba, tafiyar dare a hanyoyinmu yanzu kowa ya san ba ta taso ba.

Tambaya: Anti yarona wata 8 ne, duk sanda muka taso daga Gusau zuwa Zariya ihu yake tun kafin Tsafe har Funtuwa, fasinja na ta tsaki. Wani abokina ya ce in sayo maganin mura na ruwa a kemis in ba shi cokali ɗaya zai yi barci har mu isa. Ya halatta? Daga wani uba, Gusau.

Amsa: Malam kar ka soma. Irin waɗannan magungunan masu sa barci ba a ba jarirai, suna iya danne numfashi, kuma yaron da aka bugar da magani ba zai farka ya nemi nono ba ko da ƙishi na cin sa, ku kuna murna ya yi shiru. Wasu ma maimakon barci sai su ƙara birkicewa. Ku daidaita fita da lokacin barcinsa, a ba shi nono ko kununsa kafin a shiga mota amma kar a cika mai ciki dam, a duba famfas, a rage mai kaya. Kuma kai ma ka riƙa karɓarsa kana yi mai wasa, ba wai ka shige gaba kusa da direba ka bar uwar da shi ba. Masu tsaki su yi ta yi, su ma an yi da su.

Tambaya: Za mu hau jirgi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja da ɗiyata mai wata 4, an ce kunnensu na ciwo, gaskiya ne? Daga wata uwa, Argungu.

Amsa: Gaskiya ne 'yar uwa, iska ce ke matse kunne musamman wajen sauka. Ki sa mata nono lokacin tashi da kuma sanda aka sanar an fara sauka, haɗiyar da take yi ita ke buɗe kunnen. In tana mura mai ƙarfi ko ciwon kunne ki fara nuna ta ga likita, sannan wajen yankan tikiti ki faɗa musu da jaririya kike, su ma ana rubuta sunansu ko da a cinya za su zauna.