Ƙanwata mai galahanga za ta yi aure, ta ina za mu fara?

Tambaya: Likita, ƙanwata mai shekara 22 tana da lalurar galahanga (autism, wadda ke shafar mu'amala da mutane). Tana magana, har ɗinki take yi, amma da al'adarta ta zo sai ta birkice, ta ƙi audugar mata. Tana shan Dépakine saboda farfaɗiya. An sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Me za mu yi? Daga wata yaya a Garwa.

Amsa: 'Yar'uwa, maganin nan ya fi komai gaggawa. Dépakine na iya cutar da ɗan tayi. Cikin jarirai 10 da uwarsu ta sha shi da juna biyu, kusan 1 kan zo da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya. Ku kai ta wurin likitan da ya rubuta mata shi tun kafin biki, a duba ko za a sauya. Kada dai ta daina sha kwatsam, farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfinta. In an mayar da ita kan wasu magungunan farfaɗiya, Tégrétol ko Gardénal, ku sani suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sakawa a dantse.

Ƙin audugar kuwa ba taurin kai ba ne. Fatar mai galahanga na jin abin da tamu ba ta ji, ledar nan da ɗanshinta sai su zame mata kamar ƙaiƙayi, ga zafin Garwa. Tunda tana ɗinki, ta ɗinka ƙunzugu da yadi mai laushi da ta zaɓa da hannunta. Ku riƙa sa alama a kalanda don kada jinin ya zo mata ba zato. Ku tambaye ta ko mararta na ciwo, domin da yawansu ba sa faɗa.

Sai zancen auren kansa. Mu Hausawa da kunya muke zagaye magana, mu ce "ki yi haƙuri da mijinki". Ita ba za ta gane habaici ba. Ki zaunar da ita ku biyu, ki ambaci kowace gaɓa da sunanta, ki faɗa mata abin da ke faruwa a shimfiɗa, da cewa in ta ji zafi ko ba ta so, tana da ikon faɗa. Shi ma angon a yi masa bayani. Na kuma lura ba ki ce ita tana son auren ba. An tambaye ta kuwa?

Ranar zuwa asibiti ku yi sammako kafin a cika, ku roƙi ungozoma ta faɗi abin da za ta yi kafin ta taɓa ta.