Haɗin Kemis Ba Zai Kai Ka Saman Tubƙal Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Katsina, shekaruna 56. Ni da abokaina biyu mun shirya tafiya Maroko a farkon Oktoba in Allah ya kai mu. Za mu fara da ziyarar Shehu Tijjani a Fas, mu wuce Marakish mu ga gari, sannan ɗayanmu ya dage sai mun hau dutsen Tubƙal da ƙafa, tafiyar kwana biyu. Ina da hawan jini, ina shan lisinofiril da ƙwayar nan mai sa fitsari, an kuma ce sugana ya ɗan fara hawa. Gwiwata ta dama tana damuna in na yi doguwar tafiya. Abin da ke hana ni barci shi ne kada in je in zame wa mutane kaya a ƙasar da ba tamu ba, ga shi duk na girme su. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ana gobe tafiya zai yi mini allurar ƙarfi da ƙarin ruwa leda ɗaya, ya kuma ƙulla mini haɗin da zan riƙa sha kowace safiya. Wannan ya isa, ko akwai wanda ya fi shi ƙarfi da zan nema?

Daga wani Alhaji, Ƙofar Marusa

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara. Tsoron da kake ji yana da hujja, sai dai ka ɗora shi a kan gwiwa, alhali abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne ƙullin nan da aka yi maka alkawari.

Fas da Marakish ba za su gagare ka ba. Marakish shimfiɗaɗɗen gari ne, daga dandalin Jami'ul Fana zuwa masallacin Kutubiyya 'yan mintuna ne, rana ce kawai za ka kiyaye. Fas ta fi ta wuya. Tsohon garin mota ba ta shiga, daga ƙofar Bab Bu Jalud gangara ce a kan dutse har ka isa wajen masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa a 859, zawiyyar Shehu kuma tana nan kusa da shi. Duk wanda ya gangara zai hau a dawowa, saboda haka ka fita da sassafe, ka riƙa zama kana hutawa, ka nemi masauki kusa da ƙofa. Iyakarta ke nan.

Tubƙal kuwa wani zance ne daban. Tsayinsa mita 4,167, babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Katsina da ka saba da iskarta tana wajen mita 500 ne daga doron teku. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Marakish, a kan mita 1,740. Ranar farko za ku yi awa biyar zuwa shida kuna hawa har masaukin mahaya dutse da ke wajen mita 3,200. Ka ƙaddara hasumiyar Gobarau ce ka hau kusan sau ɗari a yini guda. Rana ta biyu a tashi tun kafin asuba, a hau sauran a kan tsakuwa mai zamewa, sannan a sauko gaba ɗaya har Imlil, gangarar sama da mita 2,400. Gwiwa ba hawa ke kashe ta ba, saukowar nan ce.

To, mu zo kan ƙulli.

Kusan kullum sai na ci karo da wannan tunani a ɗakin duba marasa lafiya, cewa ƙarfi wani abu ne da ake zuƙowa a sirinji. Manomi zai shiga noman damina, a yi masa allurar ƙarfi. Maniyyaci zai tashi, a yi masa allurar ƙarfi. Babu allura mai wannan suna a duk littattafan magani. Abin da ake zuƙowa yawanci bitamin B ne da diklofenak da deksametason. Na farkon zai mayar da fitsarinka ruwan ɗorawa ka ɗauka aiki yake yi. Na biyun zai toshe maka jin ciwo na wasu awoyi. Na ukun zai sa ka ji garau, ka ci abinci da yawa, a ɓoye kuma ya tura suga da hawan jini sama, su biyun da ka ce kana fama da su. A cikinsu babu wanda ya ƙara wa naman cinyarka ko huhunka komai.

Ƙarin ruwa kuma ya fi ba ni haushi, don ko amfanin ƙarya ba shi da shi. Mutum lafiyarsa lau, yana ci yana sha da bakinsa, a kwantar da shi a benci a huda masa jijiya. Ledar nan rabin lita ce, kafin ka isa filin jirgi ka fitsarar da ita. In ta ruwan gishiri ce, akwai giram 4.5 na gishiri a ciki, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa mutum ya ci a yini, wato ƙasa da giram 5. In ta sukari ce, giram 25 ke nan kai tsaye cikin jini. Ka zaɓi wadda ta dace da mai hawan jini da suga, ni dai ban ga ko ɗaya ba.

Amma haɗin na kowace safiya shi ne mai iya kai ka ga injin wankin ƙoda, kuma ina so ka karanta wannan wurin a natse. In ka kwance irin wannan leda, abin da aka saba gani shi ne magungunan ciwon jiki biyu ko uku 'yan gida ɗaya, diklofenak da ibufurofen da firoksikam, an jefa deksametason, wani lokaci har da tiramadol. Ƙoda matata ce, tana tace jini ne in akwai matsin da ya ishe ta. Ƙwayarka mai sa fitsari tana rage ruwan jiki, da gangan aka ba ka ita don haka. Lisinofiril yana sassauta jijiyar da jini ke fita daga matatar, matsin ya ragu. Waɗannan biyun ƙoda tana iya zama da su lafiya, saboda tana da dabarar buɗe jijiyar da jini ke shigowa. Diklofenak da 'yan'uwansa wannan dabarar suke kashewa. Ka haɗa ukun, ka ɗora awa shida na gumi a busasshiyar iskar dutse, ka ƙara halinmu na ƙin shan ruwa a hanya don gudun neman wurin tsuguno da ruwan tsarki, wataƙila ma ga ɗan zawo na baƙon abinci. A cikin 'yan kwanaki ƙoda tana iya tsayawa. Kuma ba ta yin ihu. Fitsari ne zai ragu ya yi duhu, ƙafa ta ɗan kumbura, zuciya ta riƙa tashi, kai kuma ka ce gajiyar hanya ce, ka sake kwance wani ƙullin.

Wasu ƙodarsu tana farfaɗowa in an kai su asibiti da wuri. Wasu kuwa sun shiga wanki ke nan, sau biyu ko uku a mako, har gida da shago su tafi. In an tambayi 'yan'uwa sai su ce ai lafiyarsa lau, kwatsam abin ya zo, ko a ce jifa ne. Ba kwatsam ba ne, a leda aka sayo shi.

Ban ma zo kan ciki ba. Maganin ciwon jiki biyu a lokaci guda, ga deksametason a kai, kuma da sanyin asuba kafin a karya, hanyar gyambon ciki ce mai zubar da jini. A Katsina in mutum ya yi aman jini, cikin rabin awa an kai shi asibiti. A masaukin Tubƙal babu titin mota, a bayan alfadari za a sauko da kai, awoyi kafin a ga kwalta.

Sai abin da mai kemis bai taɓa ji ba, don bai taɓa barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Daga mita 2,500 zuwa sama, ƙarancin iska yana iya kama kowa, yaro da babba, mai ƙarfi da rago. A ƙololuwar Tubƙal, oksijin da numfashi ɗaya ke ba ka wajen kashi 60 ne cikin 100 na wanda ake samu a bakin teku. Alamar farko ciwon kai ce, da tashin zuciya da jiri da rashin barci. Wannan ciwon kan shi ne ɗan aiken da ke cewa ka tsaya, kada ka ƙara hawa. Haɗinka zai rufe masa baki. Deksametason musamman yana ɓoye alamomin ba tare da jiki ya saba da tsayin ba, shi ya sa likitocin dutse suka fi ajiye shi don gaggawa, a ba mutum ana saukowa da shi. Tiramadol kuwa yana rage numfashi, yana sa jiri da gyangyaɗi, yana iya jawo farfaɗiya. A wurin da iska ta yi ƙaranci, hanya kuma tsakuwa ce a gefen rami, ka gaya mini wane mai hankali ne zai sha shi.

Ko ka tsira daga wannan duka, akwai kwastan. Ƙwayoyi tsirara a ƙullin leda, babu kwali, babu takardar likita, ba ka ma san sunansu ba in an tambaye ka. A 2017 kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tiramadol kusan 290 da aka samu a jakarta, ta ce wani mai ciwon baya ta kawo wa, bai fisshe ta ba. A nan gida ma tiramadol mai miligiram 50 da 100 kawai NAFDAC ta amince da shi, da takardar likita. Mai 225 da ke yawo a tasha haramtacce ne.

Abin da zai kai ka saman dutsen, in rabonka ne, ba a kemis yake ba. Tun yanzu ka je wurin likitan da ke duba hawan jininka, ka gaya masa tsayin da za ka hau da lambobinsa. A gwada ƙoda da suga, a ɗauki bugun zuciya, a duba gwiwar. Ka tambaye shi ya rubuta maka abin da za ka yi da lisinofiril da ƙwayar fitsari in zawo ko amai ya kama ka, domin a irin wannan hali akan dakatar da su na ɗan lokaci, amma shi zai faɗa, ba ni daga nesa ba. Akwai maganin rigakafin ƙarancin iska, asetazolamid, sai dai shi ma yana sa fitsari, don haka kada wani abokin tafiya ya miƙo maka nasa. Magungunanka su tafi a kwalinsu, a jakar hannu, tare da takardar asibiti. Na ciwo kuwa farasitamol ya ishe ka, kada ya wuce giram 3 a yini, sai maganin shafawa a gwiwa.

Sannan tafiya ce ke koya wa ƙafa tafiya. Ka ba kanka mako shida zuwa takwas. Bayan asuba ka taka daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Soro ka dawo, kullum kana ƙara nisa, da jakar goyo a baya. Tunda garinmu babu hayi, ka nemi bene mai hawa biyu ko uku ka riƙa hawa da sauka. Takalmin da za ka hau dutsen da shi, a nan zai fara tsufa, sabon takalmi bororo yake kawowa, mai suga kuma ba ya wasa da rauni a ƙafa. In a wannan atisaye ka ji ƙirji ya ɗaure ko haki ya wuce misali, zancen dutse ya ƙare sai likita ya gani.

Ka kuma ce wa abokin nan naku mai dagewa kwana biyu ta yi kaɗan. Ku kwana a Imlil tukuna, ku mayar da hawan kwana uku. Ɗan jagora dole ne a wannan hanya, hukuma ba ta bari a hau babu shi, ka gaya masa ciwonka tun a ƙasa. Ku ɗauki hayar alfadari ya ɗauki kaya, ka riƙe sandunan dogarawa biyu saboda gangara, ka sha ruwa har fitsari ya yi haske. Ka duba inshorar tafiyarka da kyau, da yawa ba sa biyan abin da ya faru a sama da mita 3,000. In ka isa Sidi Shamharush, wajen rabin hanyar ranar farko, ka ji jiki ya ƙi, ka juya. Ƙauyukan da ke kewaye da Imlil, da gonakin tuffa da itatuwan gyaɗar turawa, sun isa yawon kwana biyu, kuma ba ka zame wa kowa kaya ba. Batun katin rigakafin zazzaɓin shawara na matafiya kuma, a yi maka allurar da gaske a ofishin lafiya, ka rabu da 'yan cuwa-cuwar da ke sayar da kati babu allura.

Ku kuma masu kemis, na san kuna karanta wannan fili, wasunku ma 'yan'uwa ne da makwabta. Lasisin shagon sayar da ƙananan magunguna bai ba kowa izinin yin allura ko ɗaura ruwa ba, kun sani, mun sani. Dattijo ya zo da amana ya gaya muku yana da hawan jini, ya faɗi sunan maganin da yake sha, amma kuka ƙulla masa abin da zai kashe masa ƙoda saboda 'yan kuɗin da ba su kai na cefane ba. Ku ji tsoron Allah. In ba ku san abin da diklofenak ke yi wa mai shan lisinofiril ba, ku ce masa ya je asibiti, ba wanda zai rage muku daraja.

Alhaji, in har an riga an ƙulla, kada ka zubar. Ka tafi da shi wurin likitanka ranar gwajin, a kwance a gabanka, a faɗa maka sunan kowace ƙwaya. In kuma ka taɓa shan irinsa a baya, ka faɗa kafin a ɗebi jinin.