Amsa: Vik Muniz mai zane ne ko mai ɗaukar hoto?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Vik Muniz mai ɗaukar hoto ne ko mai zane, tunda ayyukansa sun fi kama da zane. A ganina duka biyun ne, sai dai abin da ake ratayewa a bango, a sayar, hoto ne.

An haife shi a São Paulo ta ƙasar Burazil a 1961, ya tafi Amurka a 1983. Salonsa shi ne ya zana abu da kayan da ba sa daɗewa, kamar sukari, cakulan, ƙura ko zare, ya ɗauki hotonsa, sannan ya share zanen. A 1996 ya zana fuskokin 'ya'yan ma'aikatan gonar rake na tsibirin Saint Kitts da sukari a kan baƙar takarda. Ka ga hikimar nan, ai raken ne ke cinye ƙarfin iyayensu.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Jardim Gramacho, katafariyar bolar da ke gefen Rio de Janeiro. Ya ɗauki hotunan masu tsintar bola, ya haska su a ƙasan wani babban ɗaki, su kuma da hannunsu suka cike siffofin da robobi, tayoyi da tsofaffin takalma. Daga sama aka ɗauki hoton ƙarshe. Kuɗin da aka samu ya koma hannun masu tsintar da ƙungiyarsu. Fim a kan aikin ya fito a 2010, bolar kuma aka rufe ta a 2012.